Kwashe kwastomomi zuwa Shopify da tura musu lambar rangwame ta Klaviyo: inda aikin ke tafiya da inda yake cijewa

Ɗora hotunan kaya da farashinsu a sabon shagon intanet aiki ne na kwana biyu ko uku. Mutanen da suka saba saye a tsohon shagon su ne kayan da ke da wuyar ɗauka. Shopify, dandalin buɗe shagon intanet na wani kamfanin Kanada, wanda ya fara aiki a 2006, shi ne inda masu shaguna da yawa ke komawa idan sun gaji da kula da WooCommerce, manhajar shago da mai ita ke kula da ita da kansa, kuma wasunsu suna haɗa shi da Klaviyo, manhajar tura saƙonnin talla ta imel. A ganinmu haɗin yana da kyau, amma bai kai sauƙin da ake zato ba.

Shigar da sunaye ba ta da wuya. Za ka fitar da kwastomominka daga tsohon shago a fayil ɗin CSV, wato fayil mai bayanai jeri-jeri da ake buɗewa da Excel, ka daidaita kan kowane jeri da samfurin da Shopify ke bayarwa: sunan farko, sunan ƙarshe, imel, lambar waya, adireshi, alamar rukuni, da gurbin da ke nuna ko mutum ya yarda a turo masa talla. Idan fayil ɗin ya yi nauyi, sai a raba shi gida biyu ko uku. A nan Shopify ya cancanci yabo, don ba sai ka sayi wata manhaja ba, alhali mai shigo da fayil da ke zuwa da WooCommerce na kaya ne kawai.

Ɓarnar da aka fi yi tana faruwa ne tun kafin fayil ɗin ya isa Shopify. Ka buɗe shi da Excel ka adana ba tare da ka zaɓi UTF-8 ba, wato tsarin adana rubutu da ya san harufan Hausa, sai ka tarar harufa irin su ƙ da ɗ da ɓ sun koma alamar tambaya, mutum ya buɗe saƙo ya ga an dagula masa suna. Haka kuma Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin lissafi, ya cinye sifirin farko ko alamar tarawa ta lambar ƙasa. Maganinsa shi ne a mayar da jerin wayoyin rubutu zalla, ko a yi aikin a Google Sheets. Sannan a share maimaici, don Shopify da imel ko lambar waya yake bambance mutane, ba zai buɗe wa mutum biyu rajista da imel ɗaya ba. Kafin ka zuba duka, gwada da layi 10, ka buɗe kowanne ka duba da idonka.

Abu biyu ne ba sa biyo fayil ɗin. Na farko tarihin ciniki: yawan odar da mutum ya yi da jimillar kuɗin da ya kashe ba sa shiga ta wannan hanya, sai da wata manhaja ta daban. Wannan rauni ne na gaske, domin da tarihin ne ake sanin wa ya cancanci babban rangwame. Dabarar ita ce ka raba mutanen tun a tsohon shago, ka sa wa kowa alama a fayil, misali wanda ya saya cikin wata 6, wanda ya saya fiye da sau 3, da wanda ya shekara bai leƙo ba.

Na biyu kalmar sirri. Ba ta ƙaura, kuma ba laifin Shopify ba ne. Shaguna ba sa ajiye ta yadda aka rubuta, suna murɗe ta ne ta hanyar da ba a warwarewa, kuma kowane tsari da irin murɗarsa. Sabon tsarin asusun kwastoma na Shopify ya rage wannan ciwon kai: mutum zai sa imel ɗinsa, a turo masa lamba mai alƙaluma 6 ta shiga sau ɗaya, shi ke nan. Sai dai dole ka faɗa masa haka a saƙon farko, in ba haka ba zai yi ta neman inda zai rubuta tsohuwar kalmarsa, ya ɗauka shagon na bogi ne.

A nan lambar rangwame take shigowa, don ita ce dalilin da zai sa mutum ya taka zuwa sabon wuri. Shopify shi kaɗai yana ba ka damar ƙirƙirar lamba, ka sa mata ranar ƙarewa, mafi ƙarancin sayayya, da sharaɗin amfani sau ɗaya ga kowane mutum, ko ka keɓe ta ga wani rukuni. Abin da ba ya yi cikin sauƙi shi ne buga dubban lambobi mabambanta a lokaci guda. Lamba ɗaya ga kowa kuwa ba ta daɗewa a ɓoye. Mutum ɗaya ya saka ta a zauren WhatsApp, ka wayi gari baƙi sun fi kwastomominka cin moriyarta.

Klaviyo ne ke toshe wannan giɓi, kuma yana yi da kyau. Ka tsara rangwamen sau ɗaya, ka ba shi harufan farko, ka saka gurbinsa a cikin saƙo, kowa ya samu tasa lambar da ba ta aiki sau biyu. A saƙonnin da ke tafiya da kansu ana iya sa wa'adin ya fara ƙirgawa daga ranar da aka ba mutum lambar. Kwana 14 ya wadatar, da tuni guda ɗaya idan saura kwana 3. Abin lura, samfotin saƙo ba ya nuna lambar gaske, don haka ka sa imel ɗinka a rukunin gwaji, ka karɓi saƙo na ainihi, ka je ka saya da lambar har wurin biya. A can ne za ka gane ko tana hawa kan kayan da dama an rage musu kuɗi, wanda shi ne ke cinye riba ba a ankara ba. Kuma lambar ba ta ɗaure da imel ɗin mai ita, duk wanda ya riga sa ta shi ya ci. WooCommerce kuwa yana da gurbin da ake rubuta imel ɗin da aka yarda ya yi amfani da lamba.

Kada a tura wa kowa rana ɗaya. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu tura saƙo da yawa: sai an saita SPF da DKIM da DMARC, saitunan da ke tabbatar da cewa saƙon daga wurinka ya fito, sai an sa hanyar daina karɓar saƙo da dannawa ɗaya, kuma Gmail na son ƙorafin masu karɓa ya tsaya ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari. Sabon adireshi da ya kwararo dubban saƙonni dare ɗaya, cikinsu har da imel ɗin da suka mutu, kwandon sharar imel (spam) saƙonninsa za su zarce. Fara da waɗanda suka saya kwanan nan, su ne za su buɗe, sannan ka riƙa ƙarawa cikin mako biyu. Wanda bai taɓa yarda da talla ba kuwa, kada ka canza masa gurbin a fayil don jerinka ya yi tsawo. Cin amana ne, kuma ga mai kwastomomi a Tarayyar Turai dokar kare bayanan mutane ta GDPR da ta fara aiki a Mayun 2018 tana hukunta hakan.

Saura tsofaffin adireshin intanet na shafukan kaya da ke cikin saƙonnin baya da sakamakon Google. Shopify yana karɓar fayil mai jeri biyu, tsohon adireshi da sabo, ya riƙa juya mai ziyara da kansa. Ka ɗora shi ka danna guda 20 daga kayan da aka fi saye kafin saƙon farko ya fita.