Goyo ko Ɗorawa a Ƙirji: Wanne Ya Fi Kwantar da Jinjiri?

A ƙauyukanmu na yankin Ringim da Gumel, da zarar jinjiri ya tsananta kuka, abin da kakarsa za ta fara cewa shi ne a goya shi. Goyo yana da fa'ida, domin jijjigar tafiya da ɗumin bayan uwa suna sa shi barci, ita kuma tana samun hannun yin ƙananan ayyuka. Sai dai a makonnin farko wuyan jariri bai yi ƙwari ba, kuma uwa ba ta ganin fuskarsa, saboda haka idan kansa ya langaɓe ko zani ya rufe masa hanci, tana iya jimawa ba ta lura ba.

Ɗora shi a ƙirji kuwa, fatarsa a kan fatar mai jego, a lulluɓe bayansa da zani, yana maido masa da bugun zuciyar da ya saba ji tun yana ciki. Numfashinsa yana daidaita, jikinsa yana riƙe ɗumi, wanda ba ƙaramin abu ba ne a sanyin hunturu, ga nono kusa idan yunwa ce ta tashe shi. Likitocin Bogota ta ƙasar Kolombiya suka fara amfani da wannan hanya ga bakwaini a 1978, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙarfafa ta.

A ganina, kafin arba'in ƙirji ya fi, goyo ya biyo baya. Idan barci ya fara ɗaukar uwar, ta kwantar da jaririn rigingine a shimfiɗarsa cikin gidan sauro.