Les Rallizes Dénudés ko High Rise: da wa za ka fara?

Duka biyun ƙungiyoyin kiɗan rock ne na ƙasar Japan, ƙara suke yi mai toshe kunne, amma hanyarsu ta bambanta.

Takashi Mizutani ya kafa Les Rallizes Dénudés a Kyoto a 1967. Mai jitar bas yakan riƙe gajeren salo guda yana maimaitawa a hankali, fiye da minti goma, Mizutani kuma ya kusanta jitarsa da lasifika har ta dinga kuka da kanta, amsa-kuwwa ta lulluɓe muryarsa. Bas ɗin nan shi ne ƙashin bayan kiɗan. Lasifikar waya ba ta fitar da shi, sai ka ji tsuwwa kawai, don haka nemi abin saurare mai rufe kunne. Ka yi hattara da kwafin sata da aka naɗa daga cikin 'yan kallo, yawancinsu dusu-dusu ne. Fara da '77 Live, wanda ya fito a 1991, kamfanin faifai na Temporal Drift ya sake fitarwa a 2022.

High Rise ta Tokyo, ta Asahito Nanjo da Munehiro Narita, gudu take kamar babur ya ƙwace. Da gangan suke cika ƙarfin naɗi har sauti ya tsage, kada ka ɗauka faifan ne ya lalace. Nemi High Rise II na 1986, daga kamfanin PSF.

Mai haƙuri ya fara da Mizutani, can zurfin yake. Wanda ya saba da zafin kiɗan punk, wato rock mai sauri da tsauri, High Rise za ta fi saurin shigarsa.