Sharhi na kan masarar SAMMAZ 14 bayan mun cinye buhu guda

Ni dai saboda Baba na sayi wannan masarar, yana fama da ciwon suga kuma duk abin da za ka ce masa ba zai bar tuwo ba, sai wani a majalisarmu ya ce ai akwai masarar Samaru mai ƙarin gina jiki, ita ce ba ta tayar da suga. Ban tsaya bincike ba na sa aka kawo min buhu daga wajen wani manomi.

Gaskiya masarar ta yi. Fara ce tas, ƙwayarta manya, ta surfu ba tare da ta farfashe da yawa ba, kuma garin ya yi auki. Maman yara ta ce wajen talge ba ta ba ta wahala, tuwon yana kama jikinsa, ka yanki loma ba ya marmashewa a cikin miyar kuka. Yara ma da suke raina tuwo sun ci.

Amma maganar suga, a nan na sha kunya. Sati biyu muna gwada Baba da ɗan injin gwajin nan bayan cin abinci, ba wani bambanci da masarar kasuwa. Ƙanwata da ke karantar fannin abinci ita ta yi min dariya, ta ce Yaya ai ita wannan irin masarar Obatanpa ce ta Ghana da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru Zariya ta fitar da sunan SAMMAZ 14, abin da aka inganta a cikinta furotin ne, wato sinadaran gina jiki na laisin da tiriftofan da ke cikinsa, sitacinta kuwa kusan iri ɗaya ne da na kowace masara, wajen kashi 70 cikin 100 na ƙwayar. Shi kuma sitacin kala biyu ne, amilos kamar kwata, sauran amilofektin mai rassa-rassa wanda ciki ke narkarwa nan da nan ya koma suga. Mu kuma mun surfe mun zubar da dusa, mun kai inji an niƙa luƙwi, an tankaɗe, an dafa ya yi laushi, to me ya rage wa ciki ya yi?

Abin da ya ɗan taimaka abin dariya ne wallahi, ɗumame. Wai in tuwo ya kwana ya huce, wani ɓangare na amilos ɗin yana ƙanƙamewa ya ƙi narkewa da sauri ko an ɗumama shi. Yanzu Baba malmala ɗaya ƙarama yake ci da safe, miya da ganye su fi yawa, kuma na ce wa mai inji ya bar garin da ɗan tsaki-tsaki. Maganinsa dai yana nan yana sha yadda likita ya ce.

Zan sake saye, amma don yara. Kuma wannan karon a buhun PICS, wato buhun nan mai leda a ciki da ke hana iska shiga, zan zuba, don sakacina ya sa ƙwari suka taɓa min kusan tiya biyu ta ƙasan buhun.