Wata huɗu ina shan gari don gudun wuƙar likita

Ranar da na hau sikelin asibiti ya nuna kilo 118, ma'aikaciyar jinya ba ta ce uffan ba, ta dai rubuta. Tsayina mita 1.62 ne. Likita ya ɗauki biro ya raba nauyin da tsayi sau tsayi, ya samu 45, ya zagaye lambar sau biyu. Ita ce abin da suke rubutawa IMC a takardunmu. Daga 30 mutum ya shiga teɓa, daga 40 kuwa zancen ya bar na ado ya koma na rai. Shekaruna 43, haihuwa biyar, ciwon suga shekara shida, gwiwoyi kuma sun kai ni ga yin sallar farilla a kan kujera.

Ya ce, "Hajiya, kin taɓa jin labarin tiyatar rage tumbi?"

Na taɓa ji. Wata ƙawar ƙanwata ta je Tunis an yi mata, ta dawo har sai da ta yi magana na gane ta. Aikin da aka fi yi shi ne wanda likitoci ke kira hannun riga: a yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar siriri kamar ayaba. Ɓangaren da ake cirewa shi ne ya fi samar da sinadarin da ke sa jin yunwa, shi ya sa ba cin kaɗai ke raguwa ba, har kwaɗayin. Akwai kuma wanda ake ware ɗan aljihu kamar ƙwai a saman tumbi, a haɗa shi da hanji ta wata hanya. Na farkon ba a mayar da shi, abin da aka yanke ya tafi ke nan. Na tuntuɓi masu shirya tafiyar, suka yanka mini kuɗi kusan miliyan uku na sefa, ban da jirgi da mai rakiya.

Maigida ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kuɗi ana nema. Tumbi fa, in an cire, a ina ake sayen wani?" A nan muka tsaya a kan in fara gwada rage ci tsakani da Allah, ba irin wanda nake yi kwana uku in watsar ba.

Shirin da na shiga na wata mai ilimin abinci ce da ke zaune a Yamai, tana aiki ta WhatsApp. Ba zan kama sunanta ba, domin akwai yabo akwai kuma ƙorafi. Tsarin shi ne ƙunshi uku na garin madara da furotin mai maye gurbin abinci a rana, kowane wajen kalori 200, a dama da ruwa a sha, sai abinci sau ɗaya na ganye da nama ko ƙwai, jimla kalori 900. Mako 12 a haka, sannan mako 4 ana janye garin ana dawo da abinci. Garin sefa 60,000 ne a wata, bibiya kuma jika 15. Kwalin yana zuwa ta motar Yamai, in aika yaro a kan kabu-kabu ya ɗauko a tasha.

Bari in fara da abin da har yau in na tuna raina yake ɓaci. A takardar shiga an tambaye ni ko ina da ciwon suga, na ce e. Ba a tambaye ni wane magani nake sha ba. Ina shan metformin da glibenclamide, shi na biyun kuwa aikinsa tilasta wa jiki fitar da insulin ko mutum ya ci ko bai ci ba. Rana ta huɗu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina gaban allo ina rubuta wa yara lissafi, sai na ga alli yana rawa a hannuna. Gumi ya keto mini cikin hunturu, rubutun ya rabu biyu. Na zauna a bencin gaba kusa da wata yarinya da ta ƙura mini ido tana cewa, "Madam, lafiya?" Da ƙyar na ce ta ruga wurin mai shayi ta karɓo sukari. Ƙwaya huɗu na tsotsa kafin duniya ta dawo daidai. Da yamma likitana ya dakatar da glibenclamide, ya bar mini metformin, ya kuma yi mini faɗan da na cancanta saboda ban nuna masa tsarin ba kafin in fara. Laifina ne rabi. Amma wanda ke sayar wa mai ciwon suga kalori 900 bai kamata ya manta wannan tambaya ba. Da na gaya wa mai shirin ta ba da haƙuri, ta ce za ta gyara takardar. Ko ta gyara, Allah masani.

Na biyu, jerin abincin da ta turo. Burokoli, kifin salmon, cukwi marar mai, wani hatsi da ban taɓa jin sunansa ba. Na karanta wa ƴata muka yi ta dariya. A Kasuwar Dole wa zan tambaya salmon? A bayyane yake daga takardar Faransa aka kwafo. Sai dai a nan ne ta burge ni. Da na yi ƙorafi ba ta kare kanta ba, ta ce, "Hajiya, ki sayi ƙaramin sikelin kicin, duk abin da kuke ci a gida ki auna ki turo mini hoto." Mako biyu muna wannan. Ta sake gina tsarin da kwaɗon zogale mai ɗan ƙuli-ƙuli, kabeji, yakuwa, kuɓewa, banda, dafaffen ƙwai, naman zabo, nono marar sukari, da tuwon hatsi malmala ɗaya ƙarama wadda ba ta wuce dunƙulen hannuna ba.

Sikelin nan na jika 6 ya fi duk kwalayen garin amfani a wurina. Da ina rantsuwa cewa ba ni da ci, kuma da gaskiyata, ban cika loda kwano ba. Ashe ba a nan gizo yake saƙa ba. Kowane giram na mai kalori 9 ne, na sukari da tsaba 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai 120. Ranar da na auna man da mai aikinmu ke tuttulawa a tukunyar shinkafa da wake, na ƙirga cokali goma sha huɗu, sai na zauna a kan turmi na yi shiru. Ga shayi zagaye uku bayan la'asar, kowane kofi da sukarinsa. Ga fura da rana, wadda ni ban taɓa lissafa ta cikin abinci ba, abin kashe ƙishi ce kawai a wurina. Ga kwalbar lemo mai kalori kusan 140 in an yi baƙi. Ga gyaɗa da nake watsawa a baki ina gyaran takardun yara, wadda giram 100 nata ya haura kalori 550. Alkaki kuwa, mu mutanen Damagaram ba sai na yi bayani ba. Ba a kai amarya ba shi, kuma ba a raba shi a tsallake gidana.

Garin kansa ba shi da wani sirri. Madara ce da furotin da bitamin da ɗan ƙamshi. Na banila ya fi shiga, na cakulan kamar an jiƙa kwali. In ruwan ba sanyi, ƙarni yake yi. Amfaninsa ɗaya ne, yana ɗauke wa mutum shawara: ba tunanin me zan ci, ba ɗan ƙari. A makonnin farko wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Sau biyu kwalin ya makara, sau ɗaya har kwana biyar, a nan na gane ƙwai biyu da kofin nono da kwaɗo suna riƙe ni daidai da shi, a kan kuɗin da bai kai rabi ba.

Jiki ya ji a jikinsa. Kwana goman farko ciwon kai da jiri da saurin fushi, har yara suna raɗa cewa Madam ta canza. Bayan gida ya yi tauri sai da na ƙara ruwa da kuɓewa. Sanyin Janairu ya shige ni yadda ban taɓa ji ba, ni da ke kwana da fanka. A wata na uku mai kitsona ta tsaya da mataji a hannu ta ce, "Tanti, gashinki yana zuba fa." Ya zuba kam, daga baya ya tsaya. An kuma gargaɗe ni cewa saurin rama yana jawo tsakuwa a matsarmama, ko ta rage ci ko ta tiyata, don haka likita ya sa aka duba cikina sau ɗaya. Lafiya lau.

Abin da ba a rubuta a kowace takarda ba shi ne bakin mutane. A garin da har yanzu wasu ƴan mata ke shan ƙwayar ƙiba don su cika zane, mace mai aure ta fara zubewa, ai dole a nemi dalili. Innata ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa. "Ki faɗa mini gaskiya, aure zai ƙara ne, ko wani ciwo suka gano?" Na rantse mata har sau uku. Washegari sai ga tukuɗi a ƙwarya an aiko daga gidanta. A gidan biki in na ce na ƙoshi, sai a ce na raina girkin. Dabarar da na koya ita ce in karɓi kwanon da fara'a, in ce zan tafi da shi gida, yara su ci.

Makon farko kilo uku da rabi suka tafi, mai shirin ta ce kada in yi rawar kai, yawancinsa ruwa ne. Daga nan kusan kilo ɗaya a mako, da wani mako biyu a watan Fabrairu da sikeli ya kafe har na yi kuka. A ƙarshen mako 16 ina kilo 103. Sugan safe ya sauko daga wajen giram 1.80 a litar jini zuwa 1.15. Na yi sujada a ƙasa karon farko cikin shekara biyu, na daɗe ban ɗago ba.

Likitana ya ba ni labarin wani bincike da aka yi a Birtaniya mai suna DiRECT, wanda aka wallafa a 2017. An ɗora masu ciwon suga a kan irin wannan abin sha, kalori 825 zuwa 853 a rana, wata uku zuwa biyar. Bayan shekara ɗaya kashi 46 cikin ɗari sugansu ya daidaita ba magani, bayan shekara biyu suka koma kashi 36. Ni ban shiga sahun masu ajiye magani ba, har yau ina kan metformin. Amma saukowar nan daga 46 zuwa 36 ita ta fi tsaya mini a rai, domin na ga alamarta a jikina. Azumi ya zo daidai ƙarewar shirin, ga ƙosai ga kunu, ga cincin ɗin sallah, kilo uku suka dawo kamar an aike su. Jikin da ya rame yana ƙona abinci ƙasa da da, yunwa kuma tana ƙaruwa, ba rashin zuciya ba ne kawai. A daidai wannan lokaci ne kuma bibiyar ta ƙare, sai in za ka sake biya. A ganina an juya abin: wata huɗun farko mutum na da zafin nama, a wata na biyar yake buƙatar mai riƙe masa hannu.

Yanzu ina yawo tsakanin 104 da 106, IMC wajen 40, wato har gobe na cancanci tiyata. Ƙa'idar da aka kafa a Amurka a 1991 ta ce 40, ko 35 in akwai wata cuta; a 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ita zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, tiyata ta fi rage ci riƙe nauyi a tsawon shekaru, likitana ma bai ɓoye mini ba. Sai dai na gano cewa ko tiyatar na zaɓa, a kan garin nan dai zan sauka: kafin aikin ana ɗora mutum a kan irinsa wajen mako biyu don hanta ta motse likita ya samu wurin aiki, bayan aikin kuma ruwa-ruwa, sannan markaɗe, sannan loma ƙanana har abada, da ƙwayoyin bitamin B12 da ƙarfe da kalsiyom da gwajin jini a kai a kai. Ba a haɗa ci da sha. Ba a kwankwaɗar ruwa, sai kurɓi-kurɓi. Ina tuna zafin Afrilu a Zinder, lokacin da ma'auni ke haura 40, in tambayi kaina yadda tumbi kamar ayaba zai yi da ƙishin nan. In kuma ɗinki ya samu matsala da tsakar dare, wanda ya yi aikin yana Tunis, Yamai ma kusan kilomita 900 ce.

Duka-duka na kashe wajen sefa 280,000. Da zan sake, wata ɗaya kawai zan sayi garin, sauran kuɗin in biya bibiyar shekara guda. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda, mai allurar insulin ko irin ƙwayata, kada ta taɓa shi sai likitan da ya san takardunta ya sa hannu.

Ni da likita mun ajiye magana zuwa bayan damina: in nauyi ya haura 110 ko suga ya sake tashi, zan je Yamai in ga likitan tiyata ido da ido kafin in biya kowa ko dala. Fasfona yana cikin akwati. Makon jiya na kai wa tela riguna shida ya rage mini, ya ɗauko almakashi, na riƙe hannunsa na ce, "Malam, kada ka yanke. Ka naɗe ta ciki ka ɗinke kawai."