Wasiƙa daga Minnesota: Yadda Ake Kai Yaran Birni Daji da Bakin Ruwa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali baki ɗaya, wannan karon ina so in ba ka labarin abin da ya fi tsaya mini a rai cikin hidimomin da ake yi wa jama'a a nan jihar Minnesota ta Amurka, wato yadda ake fitar da yaran birni da iyayensu zuwa daji da bakin ruwa. Kai malamin makaranta ne, kuma ka sha koka mini cewa ɗalibanka na yanzu ba su san sunayen itatuwan da ke harabar makarantarsu ba, don haka na san zancen zai shige ka.

Matsalar tana nan ma. Jihar tana da tabkuna fiye da 11,000, kogin Mississippi kuma ya ratsa tsakiyar Minneapolis, amma iyalai da yawa, musamman baƙi irinmu da masu ƙaramin ƙarfi, sukan yi shekara da shekaru ba su taɓa zama a bakin ruwan ba. Masu shirye-shiryen nan sun gane cewa abu uku ne ke riƙe mutum a gida ko da dajin yana bayan ɗakinsa: tsadar kaya, rashin wanda zai koya masa, da tsoron abin da bai saba ba.

Bari in fara da kayan. Idan ka shiga kantin da ke sayar da kayan kwana a daji, za ka tarar da tanti iri-iri, da jakar barci, da katifar da ake hurawa, da ƙaramin risho, da rigar ceto ta shiga ruwa, kowanne da girman yaro da na babba. Ta fuskar yawa da inganci sun fi abin da muke samu a gida nesa ba kusa ba, sai dai magidanci mai 'ya'ya huɗu da ya ce zai sayi masu kyau, ɗaruruwan daloli za su tafi tun bai kwana a waje ko dare ɗaya ba. Akwai masu sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado, domin irin wannan tantin yakan yi yoyo ta wurin ɗinki da zarar an yi ruwa mai ƙarfi. Wanda bai tabbata 'ya'yansa za su so abin ba, ba zai zuba kuɗinsa don gwaji ba, kuma ban ga laifinsa ba.

A nan ne aro ya shigo, kuma shi ne abin da ya fi burge ni. Ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jiha tana da shiri mai suna I Can Camp!, inda iyali ke biyan kuɗi kaɗan su je gandun daji su tarar an tanadar musu tanti da katifa da risho, su kuma su zo da abincinsu da abin rufa. Ma'aikata ne ke tsayawa su nuna yadda ake kafa tantin, da yadda ake hura wuta a kashe ta ƙurmus kafin a kwanta, sa'an nan su kwana kusa domin wanda dare ya firgita ya san inda zai nufa. Akwai irinsa na kamun kifi da na tuƙin kwalekwale. A gandaye da dama ma ana ba da aron sandar fatsa da madubin hangen tsuntsaye kyauta, mutum ya karɓa a ofis ya mayar kafin ya tafi.

Na ga aikin wata ƙungiya mai suna Wilderness Inquiry, wadda aka kafa a 1978, da ke ɗaukar ɗalibai a manyan kwalekwale masu tsawon ƙafa 24, kowanne yana cin mutum kamar goma. Kafin kowa ya taɓa ruwa, matuƙin yakan durƙusa gaban yaro ya ɗaure masa rigar ceto, sa'an nan ya kama kafaɗun rigar ya ja sama. Idan ta tashi har kunne, sai ya sake ƙara matse ta. Dokar jiha ce ta wajabta wa duk yaron da bai kai shekara 10 ba sa wannan riga muddin jirgi yana tafiya. Da aka tura kwalekwalen, wata yarinya ta ƙanƙame gefensa da hannu biyu ta ƙi karɓar filafili, kuma babu wanda ya tsawata mata ko ya yi mata dariya. Matuƙin ya ci gaba da ƙirga wa sauran bugun filafili, har ta ga ruwan bai cinye kowa ba, ta saki hannu ɗaya, can ta saki ɗayan. A kan hanyar dawowa ita ce ta fara hango mikiya a kan reshe ta nuna wa 'yan ajinsu. Wannan haƙurin na mai koyarwa, a ganina, ya fi kwalekwalen daraja.

Kuɗin shiga kuwa mataki-mataki ne. Wuraren shaƙatawa na cikin birni, waɗanda hukumarsu a Minneapolis ta kafu tun 1883, ba a biyan ko sisi a shige su, kuma kusan kowace unguwa tana da nata wanda za a isa da ƙafa. Gandayen jiha ana biyan dala 7 a yini kan kowace mota, ko dala 35 na shekara guda. Wanda ko hakan ya yi masa nauyi yana iya zuwa wasu ɗakunan karatu na jama'a ya ari takardar shiga ta kwana bakwai, da katin da yake aron littafi. Yaron da bai kai shekara 16 ba mazaunin jihar ba ya buƙatar lasisin kamun kifi, kuma akwai ƙarshen mako guda a watan Yuni da ake yafe wa babba lasisi idan ya fita da yaro.

Gwamnatin tarayya ita ma tana da nata, wanda aka fara a 2015 zamanin Shugaba Obama, inda ake ba kowane ɗan aji huɗu na firamare takardar shiga gandayen ƙasa kyauta shi da iyalinsa har shekara guda. Niyya ce mai kyau, amma wuri irin Yellowstone tafiyar yini biyu ne a mota ga mai iyali daga nan, kuma uban da ke aikin dare ba takardar shiga ce ta hana shi zuwa ba. Tabkin unguwa da malamin da ke jira a bakinsa ranar Asabar sun fi yi wa talaka amfani.

Za ka tambaya ina ake samun kuɗin. Wani ɓangare daga haraji ne da mutanen jihar suka ɗora wa kansu: a 2008 suka kaɗa ƙuri'a aka ƙara harajin saye da sayarwa da abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, na tsawon shekara 25 har zuwa 2034, aka ware kashi 14.25 cikin ɗari na abin da ake tarawa domin gandaye da hanyoyin ƙafa. Duk wanda ya yi sayayyar da haraji ya hau kanta ya sa hannu a ciki, ko ya je dajin ko bai je ba, shi ya sa nake takaicin ganin baƙi suna biya amma ba sa morar abin. Akwai dalilai na gaskiya: yawancin rajista ta intanet ake yi kuma da Turanci, wuraren kwana masu kyau sukan cika tun da sauran watanni, ga shi mafi yawan gandayen jiha sai mai mota. Dajin ma yana da nasa haɗari, domin akwai wata kaska mai ƙanƙanta kamar ƙwayar riɗi da ke sa cutar Lyme, saboda haka ake koya wa iyaye su duba bayan kunnen yaro da hammata da bayan gwiwa duk sanda aka dawo.

Idan na auna da gida, ban yarda sun fi mu sanin daji ba. Masuncinmu da maharbinmu da tsohuwar da ta san amfanin kowane ganye sun fi yawancin matasan da ake ɗauka aikin nan na lokacin zafi ilimin abin. Inda suka sha gabanmu shi ne sun hana a yanka filin jama'a a sayar, sun kai masa ruwan sha da makewayi mai tsabta da hanyar da keken guragu zai bi, kuma sun biya wani albashi domin ya haɗa mai sani da yaron birni. Mu kuwa filin da yara ke wasa yau, baɗi ka tarar an kewaye shi da bulo, mai ilimin yana ƙauye yaron yana birni, babu wanda aikinsa ne ya sada su. Na san kuma batun tsaro ya sa fita daji a wurare da yawa ba abin da uba zai yarda da shi ba ne yanzu, abin da ya ƙara wa filayen cikin gari muhimmanci.

Hunturu ma ba ya tsayar da shirye-shiryen, duk da sanyin yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifili. A gandun Theodore Wirth da ke cikin Minneapolis ana koya wa 'yan makaranta zamiya a kan dusar ƙanƙara da kayan aro, a kan tabkuna kuma ana huda ƙanƙara a jefa fatsa, bayan an auna kaurinta an tabbatar ya kai inci 4, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da hukuma ta ce mutum ya taka.

A gaishe mini da yara da mutanen gida duka. Wassalam.

Ƙaninka.