Shayin citta na wani shago a Mabera, ga masu aiki da murya

Duk mai sana'ar baki a Sakkwato, malamin makaranta ne ko ladan ko ɗan talla, ya san abin da ƙurar hunturu ke yi ma makogwaro. To akwai wani ɗan shago nan Mabera da ke haɗa shayi na musamman don wanga matsala, citta ɗanya yake dakawa a gabanka ba gari ba, ya jefa kanumfari da na'a-na'a, sai ya sauke ya ɗan huce kafin ya zuba zuma da lemun tsami.

Yaron shagon ɗan boko ne, wai ya karanta a intanet cewa masu yoga a Indiya suna kiran makogwaro cibiyar furuci, shi ya sa kullum yake cewa a sha a hankali, a aje waya, a kurɓa ana jin ɗumin yana sauka. Ni dai batun Indiya bai dame ni ba, amma shan a natse ɗin gaskiya yana da daɗi, ƙaiƙayin wuya na lafawa kuma murya ta ɗan saki.

Inda na ga gyara, masoro yana yi masa yawa wani lokaci har sai ka yi tari, ku ce ya rage. Kuɗin ma ya ɗara na mai shayin bakin titi, bencin kuma guda biyu ne kacal, bayan Magariba sai tsayuwa.

Masu jarirai a kiyaye, ba a ba ɗan ƙasa da shekara 1 zuma. In dishewar ta wuce sati biyu kuma a tafi asibiti, shayi ba zai yi ba.