Dawanau, Singa ko shagon unguwa: ina ya kamata mu yi sayayyar abincin gida?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 lissafin cefane ya rikice a gidaje da yawa. Kuɗin da maigida ke bayarwa ba ya kai ƙarshen wata, kuma ba don ana almubazzaranci ba. Abin da na lura da shi, 'yan uwa mata, shi ne wurin da muke saye da lokacin da muke saye suna cin kuɗi fiye da yawan bakin da ke gidan.

Mai shagon unguwa yana da ranarsa, don shi ne ke ba ki bashi idan wata ya yi nisa, amma awon gwangwani-gwangwani shi ne mafi tsada a garin nan na Kano. Manyan kantuna kuwa sanyin na'ura da leda kike biya. Kasuwar Singa ta kayan kwali ce: taliya, sukari, man girki, sabulu. Tana da sauƙi idan kun haɗu kun raba katan, in ba haka ba kuɗin A Daidaita Sahu ya cinye ribar. Kayan miya sai 'Yankaba da sassafe, musamman lokacin sanyi da tumatirin rani ke shigowa daga wajen Kadawa, a sayi kwando a yanka a shanya kauɗa.

Amma ginshiƙin tukunya hatsi ne, hatsi kuwa sai Dawanau, can kan hanyar Katsina. Daga nan manyan motoci ke lodi zuwa kudu da Nijar, kuma masu awon da ke unguwanninmu da yawansu can suke sarowa. Kowane hannu da buhu ya bi kafin ya iso ƙofar gidanki sai ya ɗora ribarsa. Lokacin zuwa shi ne kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da sabon gero, masara da wake suka cika kasuwa. A akasarin shekaru farashi yana hawa ne idan damina ta kankama, rumbuna sun yi ƙasa. Ba ɓoyewa nake cewa a yi don a sayar da tsada ba, abin da gida zai ci nake nufi.

Buhun masara yana ɗaukar tiya wajen 40. Gida ɗaya ba lallai ya iya buhun kowane iri ba, don haka ku haɗu gida huɗu ko biyar, ku wakilta mutum ɗaya da ya san hatsi, ku raba kuɗin dako da na kurkura. Ni gero nake fara sa wa a lissafi, don shi ne kunun safe, shi ne fura, shi ne tuwo. Sai masara, sai wake na ɗanwake da alala da garau-garau, sai waken suya kaɗan, wanda awararsa ke tsaya wa yara a madadin nama. Shinkafa kuwa 'yar gida, irin ta yankin Kura, ta wadatar idan kina da haƙurin tsince ta.

Sai dai kada wanda zai je ya tafi ba kwanonsa a hannu. An taɓa auna mini wake da kwanon da aka buge gindinsa ya shige ciki. A ido tiya ce cikakkiya har da tozo, da na sake aunawa a gida kowace tiya ta rage kusan gwangwani guda. Tun daga ranar nake juya kwano in shafa gindinsa kafin a fara awo, mai gaskiya ba ya jin haushin haka. Buhu ma kada a yarda da abin da ke bakinsa. A sa a soka shi a tsakiya da ƙasa, domin masu algus a can suke zuba tsohon hatsi, ƙaiƙayi da tsakuwa. A ɗauki ƙwayar masara a ciza: busasshiya tana fashewa ƙas, mai danshi kuwa lotsewa take. Mai danshi ta fi nauyi a buhu, kuma bayan makonni za ta yi fumfuna, fumfunar nan tana da guba mai lahanta hanta.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne waken da aka zuba wa fiya-fiya don kada ƙwari su ci. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha gargaɗi a kan wannan. Ki cusa hannu cikin buhun ki shinshina tafinki. In kin ji warin magani, ko kin ga farin gari-gari a yatsunki, ki bar shi komai araharsa. Haka manjan da ja ya yi masa yawa, akwai masu zuba masa rini. Haka shinkafar da aka juye a buhu mai suna aka sake ɗinkewa, ki duba ɗinkin bakin. Naki waken ba ya bukatar magani: ki shanya shi ya bushe sosai, ki cika busasshiyar jarka har wuya ki toshe ta kada iska ta shiga, ko ki nemi buhun PICS, buhun ajiyar hatsi mai ruɓi uku da ba ya barin iska ta shiga.

Na san abin da za a ce, ina kuɗin sayen buhu? Ki buɗe sif ɗinki. Ankon bikin da aka sa sau ɗaya, leshin lefe da bai taɓa ganin tela ba, takalman da suka matse, duk kuɗi ne a kwance. Ki fito da komai kan gado, abin da ya shekara biyu ba ki sa ba ki ware shi. Masu musayar tsofaffin kaya da robobi ba sa biyan darajar kaya. 'Yan gwanjon Ƙofar Wambai suna da nasu dilar, tayinsu ba zai yi miki daɗi ba. Sa hoto a WhatsApp yana kawo ciniki, amma kada kaya su bar gidanki sai kin ga kuɗi a asusunki da idonki, don alat na bogi ya yi yawa. Na fi son dillaliya ta unguwa wadda aka san gidanta. Ku ƙirga kayan tare, ku rubuta farashin kowanne da la'adarta, ku sa ranar kawo kuɗi, kuma kada ki ba ta duka a tashi ɗaya. Atamfar da ba a ɗinka ba ita ce ke saurin fita, ita za ki fara bayarwa. Ɗinkakkun da ke da sauran kyau, a ganina, makwabta da 'yan uwa masu ƙaramin ƙarfi sun fi cancanta da su, a wanke a goge kafin a miƙa. Ki fara wannan aikin tun watan Agusta, yadda kuɗin zai taru kafin sabon gero ya shigo kasuwa.